Yadda zaka haɗa kwamfutar gem da kuɗin da ke hannunka ba tare da ka kwaso kayan da basa shiga juna ba

Toh ɗan uwa, in ka tara 'yan kuɗinka kana so ka haɗa kwamfutar gem da hannunka, roƙona na farko shine kar ka sayi komai tukuna, ko da kuwa ka ga wani ya ɗora katin girafik a sitatus yana cewa yau kawai ake wannan farashin. Ɗauko takarda da biro. Kwamfutar nan sai ta haɗu tsaf a takarda, kowane abu da cikakken sunansa da lambarsa da kuɗinsa, kafin naira ɗaya ta fita daga akawun ɗinka. Yawancin asarar da mutanenmu ke tafkawa a harkar nan daga sayen kaya ɗai-ɗai take zuwa, wannan watan a sayi madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai, bayan wata biyu a sayi firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ranar haɗawa sai a tarar wannan baya zama a kan wancan, kuma mai shago yace lokacin canji ya wuce, shikenan kuɗi sun kwanta a kwali.

A saman takardar ka rubuta gem ɗin da zaka riƙa bugawa da gaske, ba wanda kake gani a YouTube kana sha'awa ba. Mai buga eFootball ko EA Sports FC da GTA V da Valorant buƙatarsa daban da ta wanda yake son Cyberpunk 2077 ko Red Dead Redemption 2 da komai a ƙure. Sannan ka rubuta monitar da zaka yi amfani da ita. In 1080p ce a yawan ɗigon hoto, wadda ita ce ta yawancinmu, kati matsakaici ya ishe ka. In 1440p kake hari toh ka sani kuɗin kati zai yi tsalle sosai. Ka leƙa bayan monitar ma ka ga irin ramukan da ke wurin, domin katunan yanzu HDMI da DisplayPort kawai suke zuwa da su, tsohuwar monitar nan mai shuɗin rami na VGA sai da wata 'yar na'urar juyi zata yi aiki, kuma ba zata taɓa baka 144Hz ba, wato sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa.

Sai rabon kuɗi. Kafin ka raba komai fara cire abubuwan da mutane ke mantawa, monita in baka da ita, kibod da maus, UPS ko stabilaiza, da kuɗin motar da zata kawo kayan in daga Computer Village na Ikeja ko Banex na Abuja za'a turo maka. Ka kuma ware kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ka ajiye gefe, saboda kayan nan da dala ake shigo da su, farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ka same shi ranar Juma'a ba. Abin da ya rage, ni yadda nake rabawa, kashi 35 zuwa 40 na katin girafik ne, kamar kashi 30 zuwa 35 na firosesa da madabod da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) a haɗe, kashi 10 na fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, sauran kuma SSD (inda ake adana Windows da gem) da kes da fankoki su raba. Wannan ra'ayina ne, kana iya ɗan matsawa nan ko can, amma in ka ga firosesa ita kaɗai ta fi katin tsada a kwamfutar da gem za'a buga da ita, toh lissafin ya karkace.

Da katin girafik nake so ka fara zaɓe tunda shi ke ɗaukar nauyin gem. A 1080p da ƙaramin kasafi, RX 6600 mai ma'ajiyar giga 8 har yanzu kati ne mai mutunci kuma wat 132 kawai yake ci. RTX 3060 mai giga 12 yana cin wat 170, RTX 4060 mai giga 8 wat 115, RX 7600 wat 165, in kuma ka samu RX 6700 XT mai giga 12 a hannu da farashi mai kyau zai kai ka har 1440p amma shi wat 230 ne. Rubuta wat ɗin kusa da sunan katin, zamu buƙace shi anjima. Kar ka sauka ƙasa da giga 8 in da hali, gem ɗin yanzu suna cinye mai giga 4 tun kafin a fara wasa. Akwai kati ɗaya da nake jan kunnen mutane a kansa, RX 6500 XT, giga 4 ne kuma layi huɗu kawai yake amfani da su na PCIe, wato hanyar da kati ke magana da madabod, in ka saka shi a madabod mai PCIe 3.0 sai ya ƙara shaƙewa. Na Intel kuma, irin su Arc B580 mai giga 12, yana da kyau a kuɗinsa amma sai madabod da firosesar da ke da Resizable BAR, wato saitin da ke ba firosesa damar kaiwa ga duk ma'ajiyar kati, kar ka ɗora shi kan tsohuwar kwamfuta ka yi tsammanin abin kirki. Ban da waɗannan, labari mai daɗi shine kusan kowane kati yana shiga kowane madabod mai dogon ramin PCIe, katin AMD yana aiki da firosesar Intel, na Nvidia yana aiki da Ryzen, babu ruwansu da wannan.

Inda ake yawan faɗawa rami shine firosesa da madabod da RAM. Waɗannan ukun kamar duwatsun murhu suke, tare ake girka su, in ɗaya bai daidaita ba tukunya bata zama. Abin da ke haɗa su shine soket, wato gurbin da firosesa ke zama a madabod, kuma kowane soket da nasa iyalin.

A ɓangaren AMD akwai AM4, wanda Ryzen 1000 har zuwa 5000 ke zama a kai, kuma RAM nau'in DDR4 kaɗai yake karɓa. Akwai AM5 da ya fito a 2022 tare da Ryzen 7000, shi kuma DDR5 kaɗai. A ɓangaren Intel akwai LGA1700 na ƙarni na 12 da 13 da 14, kuma a nan sai ka buɗe ido sosai, domin madabod ɗin wannan soket wani DDR4 ne wani DDR5, sunansu kusan iri ɗaya, wani lokaci bambancin bai wuce D4 ko DDR4 da aka liƙa a ƙarshen suna ba. Babu madabod ɗin da zaka saka masa duka biyun yadda kake so, tsagin da ke ƙasan RAM ɗin ma ba wuri ɗaya yake ba, in ka danna da ƙarfi karyawa zaka yi. LGA1200 na ƙarni na 10 da 11 ne, LGA1851 kuma na Core Ultra 200 ne, kar kamannin suna ya ruɗe ka, i5 na ƙarni na 10 baya zama inda i5 na ƙarni na 12 ke zama. Lambar da ke bayan i5 ɗin ita zaka karanta, 10400 daban 12400 daban.

In kuɗin a ƙididdige suke, ni inda nake tura mutum shine Ryzen 5 5600 da madabod B550 ko B450 da DDR4 giga 16, ko kuma i5-12400F da B660 ko B760 mai DDR4. Duka biyun koa shida gare su, wato sassan aiki shida a cikin firosesa, kuma zasu riƙe duk katunan da na lissafa a sama ba tare da sun ja musu baya ba. In akwai ɗan sarari a aljihu, Ryzen 5 7600 ko 7500F a kan B650 da DDR5 ya fi tsawon rai tunda nan gaba zaka iya canza firosesa ka bar madabod, sai dai kuɗin da ya ƙaru kar ya fito daga kason kati. Na gwammace AM4 da kati mai ƙarfi a kan AM5 da kati mai rauni, a gem katin zaka gani a fuskar monita.

Ga wasu ƙananan tarkuna a nan. Harafin F a ƙarshen sunan firosesar Intel yana nufin bata da girafik a cikinta, haka ma Ryzen 5 5600 da 7500F, in babu kati ba zaka ga komai a monita ba. Saboda haka mai shirin ya fara haɗawa yanzu ya sayi kati bayan sallah, ya nemi mai girafik a ciki kamar 5600G ko 12400 mara F. Amma ka sani 5600G ba 5600 bace da ƙarin kyauta, ma'ajiyarta ta L3 mega 16 ce maimakon 32 kuma a PCIe 3.0 ta tsaya, in ka saka kati daga baya zata ɗan gaza 'yar uwarta. Tarko na biyu BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke tada kwamfuta. B450 ya riga Ryzen 5000 fitowa, B660 ya riga ƙarni na 13 da 14, toh soket ya yi daidai amma in ba'a yi wa BIOS afdet ba fankoki zasu juya monita ta zauna baƙi ƙirin. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, nemo jerin firosesocin da yake karɓa, zaka ga lambar BIOS da ake buƙata a gaban kowacce. Sannan ka tambayi mai shago wace lamba ce a kan wanda zai baka, in bai sani ba ya yi maka afdet a gabanka, ko ka zaɓi madabod mai maɓallin BIOS Flashback wanda ake yi da filash ba tare da firosesa ba.

RAM kuma ka sayi guda biyu masu giga 8 maimakon ɗaya mai giga 16, saboda biyun suna aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya kuma a gem bambancin na fitowa fili. Su zama 'yan kwali ɗaya, kar ka haɗa wani daga nan wani daga can. DDR4 mai gudun 3200 ko 3600 ya wadatar, a AM5 kuma DDR5 mai 6000 shine inda aka fi samun daidaito. In madabod ramuka huɗu gare shi, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake sakawa, littafin da ke cikin kwali zai tabbatar maka. RAM ɗin laftof gajere ne baya shiga, kar wani ya ce maka ai duk DDR4 ne. Wani abu da ya shafe mu sosai, madabod masu araha da yawa basu da WiFi, mu kuma yawancinmu da hotsfot ɗin waya ko MiFi muke shiga intanet, toh ko ka sayi mai WiFi a jiki ko ka saka kuɗin ɗan katin WiFi a lissafi tun yanzu.

Yanzu fawa saflai, kuma don Allah a nan ka saurare ni da kyau. Shine abin da mutane ke bari sai ƙarshe in kuɗi sun ƙare sai su ɗauki duk wanda aka miƙo, alhali shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da sauran kayan gaba ɗaya. Araha bata ado, a nan kam har gobara tana iya jawowa. Lissafinsa ba wuya. Ɗauki wat ɗin kati, ƙara na firosesa, ƙara kamar 60 na madabod da RAM da SSD da fankoki. Misali RX 6600 wat 132, Ryzen 5 5600 an rubuta mata 65 amma ka bata 90, da 60 ɗin can, bai kai 300 ba, kaga mai wat 550 na kirki ya isa har da sarari. RX 6700 XT kuma kamfanin da kansa 650 yake cewa a saka. Nemi mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, na kamfani sananne irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, kuma ka duba ainihin samfurin domin kamfani ɗaya yana da mai kyau yana da na talaka. Ɗauke shi a hannu ka ji, wanda aka rubuta wa 700W amma ba nauyi kamar gwangwanin da aka shanye, ajiye musu kayansu. Karanta takardar da ke jikinsa wajen layin 12V, nan ne ainihin ƙarfin da kati da firosesa ke sha.

Sannan ka ƙirga kebul. Ramin PCIe na madabod wat 75 yake bayarwa, kebul mai baki 6 wani 75, mai baki 8 kuma 150. Duba katinka baki nawa yake nema ka tabbatar fawa saflai ɗin na da su a jikinsa, ban yarda da 'yan wayoyin juyin nan da ake jonawa daga kebul ɗin SATA zuwa kati ba, suna narkewa. Kebul ɗin firosesa shima baki 8 ne amma yana rabewa 4 da 4, na kati yana rabewa 6 da 2, basa musanya. In kuma mai cirarrun kebul ne, kar ka taɓa jona masa kebul ɗin wani fawa saflai ko da bakin ya shiga, tsarin wayoyin ciki ba ɗaya bane. In tokumbo ne daga Amurka, juya bayansa ka duba ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, wutarmu 230 ce, in yana kan 115 ka jona shi toh ƙara ɗaya zaka ji da hayaƙi.

Wutar gidanku ma tana cikin kayan da dole su dace, wannan kuma ba zaka ji shi a bakin masu bidiyon Turai ba. UPS da aka rubuta wa 650VA ba wat 650 bane, sau da yawa bai wuce 360 zuwa 400 ba, in NEPA ta ɗauke kana tsakiyar wasa ga monita a kai sai ya yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar. Nemi 1000VA zuwa sama, kuma in da hali mai bada tsaftatacciyar wuta irin ta inbata mai kyau, domin wasu fawa saflai na zamani basa jituwa da wutar ƙananan UPS masu araha. In da sola kake aiki toh wat ɗin kati ya zama maganar batir kai tsaye, kati mai cin 115 da mai cin 230 ba daren da zasu kai ka ɗaya bane, wani lokaci gara ka ƙara kuɗi ka sayi mai ƙarancin ci. Ƙaramin janareto kuma kar ka jona kwamfutar kai tsaye ba tare da wani abu a tsakani ba.

Kes ba ado bane kawai. Madabod da aka fi sani girma uku ne, ATX, da micro-ATX, da mini-ITX. Ƙarami yana shiga babban kes, babba baya shiga ƙarami, kuma micro-ATX shi yafi sauƙin kuɗi ga mai kasafi. A bayanin kowane kes ana rubuta iyakar tsawon kati da iyakar tsayin fankar firosesa da milimita, ka gwada da na kayanka, kati mai fanka uku yana iya haura milimita 300 ya tokare gaba, doguwar fanka kuma ta hana murfi rufuwa. Da zafin da ake yi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu inda ake haura digiri 40, kes mai gaban gilashi a rufe ruf azabtar da kaya ne, ɗauki mai gaban raga da fanka biyu suna shigo da iska ɗaya tana fitarwa a baya, kuma mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke saboda hunturu. Fitilu masu launi ka bar su sai kuɗi sun yi saura. Ryzen 5 5600 da 12400F na kwali suna zuwa da fankarsu kuma tana aiki, amma wanda aka sayar maka tsirara ba kwali babu fanka, sai ka saya daban ka tabbatar tana da ƙarafunan ɗaurin soket ɗinka, na LGA1200 baya kama LGA1700.

SSD dai gajeriyar magana ce. Nau'in NVMe mai shiga ramin M.2 na madabod, mai girman 2280, tera 1 in zai yiwu tunda Red Dead Redemption 2 kaɗai giga 150 yake nema, in babu hali giga 512 ka ƙara daga baya. Akwai M.2 na SATA mai kama da shi, duba wanda ramin madabod ɗinka ke karɓa.

Wasu zasu ce me zai hana in sayi tsohuwar Dell ko HP ta ofis in cusa mata kati. Ana yi kuma yana rage kuɗi, amma da yawansu madabod da fawa saflai ɗinsu na musamman ne, bakin kebul ɗin ba irin na kasuwa bane, wutar ƙarama ce ba kebul ɗin kati, sirararrun kuma sai gajeren kati. A irin wannan sai kati mara neman kebul kamar RTX 3050 mai giga 6 ko GTX 1650. Kuma ka tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman tsarin tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama.

In takarda ta cika, zuba duka sunayen a shafin intanet na PCPartPicker, zai nuna maka in soket ko RAM ko wat basu dace ba, farashinsa dai ba namu bane kar ka kula shi. Daga nan sai kasuwa, kuma ka yi ƙoƙari ka sayi komai cikin sati ɗaya don ka gwada tun kana da damar mayarwa. Firosesa da RAM da kes ana iya sayen na hannu hankali kwance, fawa saflai da SSD kuwa sabo nake so ka saya. Kati na hannu kar ka biya sai an kunna a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka ga sunan da girman ma'ajiyar sun yi daidai da abin da ke kwali, domin akwai tsofaffin katunan da ake canza musu suna, haka RX 580 mai 2048SP ba cikakken 580 bane ya fi kusa da 570. A saka manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 15 zuwa 20, kana tsaye kana kallon zafi, kana kallon ko wasu ɗigo-ɗigo ko layuka zasu fito a hoto, kasa kunne ka ji ko fanka na gurnani, ka gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort. Madabod na Intel ko AM5 ka haska soket da fitilar waya ta gefe, alluran a jere suke suna ƙyalli iri ɗaya, in ka ga wuri ɗaya ya yi wani haske daban toh allura ta lanƙwashe. A AM4 kuma alluran a jikin firosesar suke, ita zaka juya ka duba. Ka sa a rubuta maka lambar jikin kayan da kwanakin waranti a rasit.

Ranar haɗawa ka fara gwadawa a waje, madabod a kan kwalinsa, firosesa da fanka da RAM da kati da fawa saflai kawai, in hoto ya fito sannan ka ɗaure a kes. Kebul ɗin monita a jikin kati zaka jona ba a madabod ba. Kunnawar farko a AM5 tana iya ɗaukar 'yan mintuna tana daidaita RAM, kar ka firgita ka kashe. In ka shiga BIOS kunna XMP ko EXPO, wato saitin da ke kai RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM ɗinka mai 3200 zai zauna yana gudu a 2133 ko 2400, kunna Resizable BAR in akwai, sannan bayan ka saka Windows da direbobin kati ka shiga saitin monita ka ɗaga ta zuwa 144Hz da hannunka domin sau da yawa a 60 take farawa.